Manyan makaɗa da mawaƙan jaz: abin da kowa ya sauya, da abin da ya sa

Mutumin da tsofaffin New Orleans suka fara kira sarkin wannan kiɗa, yau babu mai rai da ya taɓa jin busarsa. Sunansa Buddy Bolden, an haife shi a 1877, kuma ƙahon tagulla mai maɓalli uku yake busawa, irin na 'yan badujala. Waɗanda suka yi zamani da shi sun ce in ya busa a wannan unguwa sai an jiyo shi a waccan. A 1907 hankalinsa ya gushe, aka kai shi asibitin masu taɓin hankali a garin Jackson na jihar Louisiana, can ya zauna har ajali ya riske shi a 1931. Ko faifai ɗaya nasa bai iso gare mu ba. Faifan farko da aka sayar da sunan jaz ya fito ne a 1917 daga New York, kuma Turawa biyar ne suka yi shi, ƙungiyar Original Dixieland Jass Band. Baƙaƙen New Orleans da suka raini kiɗan sai a 1922 da 1923 aka fara naɗar nasu, Kid Ory da farko, sannan King Oliver.

Saboda haka jerin sunayen da ake kawowa in ana maganar manyan jaz, jeri ne na waɗanda ƙofa ta buɗe musu, ko suka ɓalle ta da ƙarfi. Kuma in mutum ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya zai ga tambaya guda ce suke ta amsawa tsawon shekara ɗari: wane irin fili mutum ɗaya yake da shi a tsakiyar taro? Amsar kowane zamani ba daga baiwa kaɗai ta fito ba. Doka ta sa hannu, kuɗi sun sa hannu, launin fata ma ya sa.

Yadda kiɗan yake tafiya ba shi da wuyar ganewa. Akwai take, wato gajeren kari da makaɗan duka suka sani. Za su buga shi sau ɗaya kowa ya ji. Daga nan mai ganga, da mai fiyano, da mai babban gogen tsaye da ake kira bas, su ci gaba da zagaya ginshiƙin taken, mai busa kuma ya fito ya ƙago sabon kari a kai nan take, wanda bai taɓa busawa ba, gobe ma ba zai maimaita ba. In ya gama wani ya karɓa. A ƙarshe a dawo kan take a rufe. Bahaushe ba baƙon wannan tsari ba ne: 'yan amshi su riƙe amshi, kalangu ya riƙe tafiya, mawaƙi ya riƙa ɗora baitin da ya zo masa a wurin. Shi ya sa a jaz ba a cika tambayar wace waƙa ce ba, an fi tambayar wa ya busa.

New Orleans gari ne na bakin ruwa wanda Faransawa suka kafa, Sifaniyawa suka riƙe, Amurka ta saya a 1803. A wani fili da ake kira Congo Square, hukumar gari ta bar bayi suna taruwa ran Lahadi su yi kiɗa da rawa irin na gida, a lokacin da wurare da yawa a Amurka aka hana bawa taɓa ganga. Bayan an soke bauta a 1865, garin ya cika da ƙungiyoyin taimakon juna masu ɗaukar 'yan badujala su raka gawa maƙabarta. Ga waƙoƙin coci, ga waƙar kukan zuci ta ma'aikatan gona da ake kira bulus. Sai hukuncin Kotun Ƙoli na 1896 a shari'ar Homer Plessy, ɗan garin, ya halatta wariyar launi. Ruwa-biyun da suka yi karatun kiɗa irin na Turai, suna ganin kansu sama da sauran baƙaƙe, doka ta tura su layi ɗaya da waɗanda suke kiɗa da kunne. Masu karatun takarda da masu ƙagowa suka zauna kan benci guda don neman abinci. A kiɗan da ya fito daga nan, ƙahonni uku ne ke magana lokaci ɗaya, kowa na saƙa nasa cikin na ɗan'uwansa, babu wanda ya fita gaba sosai.

Louis Armstrong ne ya fita gaba. An haife shi a 1901 a unguwar talakawa, ubansa ya bar gida tun yana jariri. A daren shiga 1913 ya harba ƙaramar bindiga sama, aka kama shi aka kai gidan horon yara, kuma can ne wani malami mai suna Peter Davis ya koya masa busa yadda ya kamata. A 1922 King Oliver ya kira shi Chicago, inda baƙaƙe ke kwarara daga kudu suna gudun wulaƙanci, ƙaurar da ta kwashi mutum kusan miliyan 6 kafin 1970. Mai fiyanon ƙungiyar, Lil Hardin, wadda ya aura a 1924, ita ce ta matsa masa ya daina fakewa a bayan maigidansa. Ba a cika ambatonta ba, alhali ba don ita ba da wataƙila ya daɗe yana busa na biyu.

Faya-fayan da ya yi tsakanin 1925 da 1928 da ƙananan ƙungiyoyinsa, Hot Five da Hot Seven, su ne suka juya kiɗan. A cikinsu mutum ɗaya yana tsayawa ya ba da labari da ƙaho daga farko har ƙarshe, ya jinkirta nan, ya yi gaggawa can, ya bi bayan bugun ganga sannan ya cim masa. Duk wanda ya saurari buɗewar West End Blues ta 1928, inda yake busa shi kaɗai na 'yan daƙiƙu kafin kowa ya shigo, zai ji abin da ake nufi. Muryarsa kuma, mai kaushi kamar ana jan tsakuwa, ta nuna wa mawaƙa cewa murya ma kayan busa ce. Yakan ajiye kalmomi ya riƙa rera sautuka zalla, salon da ya yaɗu bayansa.

Matasan da suka biyo baya sun zarge shi da yawan washe baki gaban Turawa. Ni ina ganin an zalunce shi. A watan Satumba na 1957, da gwamnan Arkansas Orval Faubus ya sa sojoji suka tare yara baƙaƙe tara a ƙofar makaranta a Little Rock, Armstrong ya fito fili ya caccaki Shugaba Eisenhower, ya kuma fasa tafiyar da gwamnati ke shirya masa zuwa Tarayyar Sobiyet. Mutane ƙalilan ne masu irin sunansa suka yi magana haka a wancan lokaci, kuma ya san abincinsa yake sa wa a wuta. Shekara guda kafin haka ya sauka Accra, makaɗan hailaif irin su E.T. Mensah suka tarbe shi, Kwame Nkrumah ya zauna ya saurare shi. A 1960, shekarar 'yancin kan Najeriya, ya zagaya Afirka, har ya je Kaduna ya gana da Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello. Ya rasu a 1971.

In Armstrong ya buɗe wa mutum ɗaya fili, Duke Ellington ya nuna yadda za a tara mutum goma sha biyar kowa ya riƙe filinsa. Ɗan Washington ne, an haife shi a 1899 a gidan rufin asiri. Daga ƙarshen 1927 ƙungiyarsa ta zauna a Cotton Club da ke unguwar Harlem a New York, gidan rawar da baƙaƙe ke kiɗa a ciki amma ba a barin baƙaƙe su zauna su kalla. Rediyo ta riƙa watsa kiɗansa daga wurin zuwa ko'ina a ƙasar, shi kuma ya mayar da gidan makarantar gwaji. Abin da ya bambanta shi: ba ya rubuta wa abin busar nan saksofon, yana rubuta wa mai busa shi Johnny Hodges ne, don ya san yadda numfashin Hodges yake lanƙwasa sauti. In mai busa ya bar ƙungiya, sau da yawa sai an sake ɗinka waƙar a jikin wanda ya gaje shi. Harry Carney ya shiga ƙungiyar a 1927, bai fita ba har Ellington ya rasu a 1974, shi ma ya bi shi bayan 'yan watanni. Billy Strayhorn, abokin rubutunsa tun 1939, sun saje har ba a iya raba aikin wannan da na wancan. Ellington ya bar waƙoƙi sama da 1,000, kuma da kasuwar manyan ƙungiyoyi ta mutu, da kuɗin haƙƙin mallakar waƙoƙinsa ya riƙa biyan makaɗansa albashi, don kawai ya ji abin da ya rubuta daren jiya an busa shi yau. A 1965 masu tantance kyautar Pulitzer suka ba da shawarar a karrama shi, hukumar kyautar ta ƙi. Sai a 1999 aka ba shi, shekara 25 bayan mutuwarsa.

Shekarun 1930 su ne kaɗai lokacin da jaz ya zama kiɗan kowa da kowa a Amurka, kiɗan rawar samari da 'yan mata. Count Basie ya taso daga Kansas City da ƙungiya mai tafiya sumul. Benny Goodman, Bayahude ɗan Chicago, shi jaridu suka naɗa sarkin zamanin, ko da yake Fletcher Henderson, baƙi, shi ya tsara yawancin waƙoƙin da suka ɗaga shi. Amma a ba Goodman haƙƙinsa: ya hau dandali da Teddy Wilson da Lionel Hampton a 1936, lokacin da haɗa baƙi da fari a ƙungiya ɗaya yake jawo asarar aiki. Akwai kuma Mary Lou Williams, mai fiyano da ta tsara wa Goodman da Ellington waƙoƙi, daga baya ɗakinta a Harlem ya zama wurin da matasan da za su rushe wannan salo suke kwana suna koyo.

A cikin mawaƙa, Billie Holiday ce tafi cancantar a tsaya a kanta. An haife ta a 1915, ta tashi a Baltimore cikin wahalar da ba ta faɗuwa. Muryarta ba ta da faɗi, ba ta da ƙarfi. Abin da take da shi shi ne sanin inda za ta ajiye kalma. Takan ɗauki waƙar soyayya ta kasuwa, wadda ba ta da wani nauyi, ta rage karin, ta ja baya kaɗan daga bugun ganga, sai ka ji kamar labarinta take ba ka. Ita da bakinta ta ce daga Armstrong da Bessie Smith ta koya, kuma so take ta rera kamar mai busa. Faya-fayanta da Lester Young, mai saksofon na ƙungiyar Basie, hira ce tsakanin mutum biyu da suka fahimci juna.

A 1939 ta fara rera Strange Fruit a Café Society na New York, waƙar da wani malamin makaranta, Abel Meeropol, ya rubuta kan baƙaƙen da gungun Turawa ke ratayewa a bishiya ba tare da shari'a ba. Kamfaninta, Columbia, ya ƙi naɗa, sai wani ƙaramin kamfani, Commodore, ya naɗa. A 1947 aka ɗaure ta kan miyagun ƙwayoyi. Da ta fito a 1948 ta cika zauren Carnegie Hall maƙil, amma 'yan sandan New York sun riga sun ƙwace katin izininta, wanda in babu shi ba ka aiki a duk gidan da ake sayar da giya. Mawaƙin jaz kuwa a irin waɗannan gidaje yake ci. Wannan kati, da aka yi amfani da shi daga 1940 zuwa 1967, ya karya mutane da yawa, kuma ba a mayar mata da nata ba har ta mutu. Ta rasu a watan Yuli na 1959 tana da shekara 44, a gadon asibiti, 'yan sanda sun kama ta tana kwance. Lester Young ya riga ta da wata huɗu.

Ella Fitzgerald ta bi wata hanya dabam. Marainiya ce da ta hau dandalin gasar sababbin hannu a gidan Apollo a 1934, tana da shekara 17, da niyyar yin rawa, sai tsoro ya sa ta rera waƙa, ta kuma ci gasar. Da shugaban ƙungiyar da take wa waƙa, mai ganga Chick Webb, ya rasu a 1939, ita ta riƙe ƙungiyar. Muryarta tas take, ba ta kuskure sauti, kuma in ta ajiye kalmomi ta shiga tsere da masu busa, kaɗan ne ke iya binta. A Berlin a 1960 ta manta baitocin wata waƙa a tsakiyar dandali, ta ƙago nata har ƙarshe, wannan naɗin ya ci kyautar Grammy, ɗaya daga cikin 13 da ta samu. Wasu na cewa ba ta da zafin rai irin na Holiday. Gaskiya ne ba ta kuka a waƙa, amma farin ciki ma ba ƙaramin aiki ba ne a bakin macen da ta kwana a titi. Sarah Vaughan, wadda ita ma ta fito daga gasar Apollo a 1942, ta fi su duka faɗin murya, kuma ita ce ta fara jin kiɗa da kunne irin na matasan da ke zuwa.

Waɗannan matasa ba daga sama suka faɗo ba. Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe makaɗa zuwa soja, mai da taya suka yi wuya, yawo da mutum goma sha shida a bas ya zama asara. Daga 1942 zuwa 1944 ƙungiyar ƙwadagon makaɗa ta shiga yajin naɗar faifai a rikicinta da kamfanoni kan kuɗi. A 1944 kuma gwamnati ta ɗora haraji mai nauyi, kashi 30 cikin ɗari da farko, sannan 20, kan gidajen da ake rawa. Mai gida ya ga ya fi masa sauƙi ya ɗauki mutum biyar, ya jera kujeru a filin rawa. Ana cikin haka wasu samari ke haɗuwa bayan tashi daga aiki a Minton's Playhouse da ke Harlem, suna kiɗa don kansu, da gudun da mai rawa ba zai iya bi ba. Saboda yajin, jama'a ba su ji yadda abin ya girma a hankali ba. Faya-fayan 1945 kawai suka ji, kamar an sauya harshe cikin dare. Aka kira salon bibop.

Charlie Parker shi ne tsakiyarsa. Ɗan Kansas City ne, an haife shi a 1920, kuma da kansa ya ce ya yi shekaru yana gwaji awa 11 zuwa 15 kullum. Abin da ya gano shi ne ba dole ka bi karin waƙa ba, kana iya bin sautukan da ke ƙarƙashinta ka gina sabon gini mai hawa da yawa, da gudu, ba tare da ka ɓata ba. Dizzy Gillespie, mai ƙaho, shi ne malamin tafiyar, mai zama gaban fiyano ya nuna wa na baya yadda lissafin yake. Shi ne kuma ya ɗauki Chano Pozo, makaɗin ganga daga Kuba, a 1947, ya dawo da bugun hannu na Afirka cikin jaz ta ƙofar gaba. Kenny Clarke da Max Roach suka ɗauke riƙon tafiya daga babbar ganga suka mayar kan faifan tagulla, ganga ta samu bakin magana. Thelonious Monk kuwa yana buga fiyano da yatsu a miƙe, yana barin gurbi inda ake jiran sauti, har aka riƙa cewa bai iya ba. Shi ma an ƙwace katinsa a 1951, ya yi shekara shida ba ya aiki a manyan gidajen garinsu. Yau waƙoƙinsa na cikin waɗanda aka fi bugawa a jaz.

Da bibop makaɗi ya ƙwaci matsayin mai fasaha wanda ake zama a saurara. Kuɗin da aka biya shi ne jama'a, domin masu rawa sun tafi wani wuri ba su dawo ba. Akwai kuma hodar heroin. Parker ya mutu a 1955 yana da shekara 34, likitan da ya duba gawar ya ɗauka mutum ne mai shekara 50 zuwa 60. Samari da yawa sun ɗauka hodar ce sirrin busarsa, suka bi shi suka hallaka. Ƙarya ce mai tsada. Clifford Brown bai sha komai ba, kuma a shekara 25, lokacin da hatsarin mota ya ɗauke shi a 1956, babu mai ƙahon da ya fi shi. Parker ya yi abin da ya yi ne da awannin gwajin nan, hodar ba ta ƙara masa komai ba sai gajarta kwana.

Miles Davis, ɗan likitan haƙori daga jihar Illinois, ya zo New York a 1944 da sunan karatu a makarantar Juilliard, ya ɓuge da bin Parker. Da wuri ya gane ba zai kamo Gillespie a gudu ba, sai ya nemi ƙarfinsa a wajen ragewa: sauti kaɗan, shiru mai yawa. A watannin Maris da Afrilu na 1959, a zama biyu, ya naɗi Kind of Blue. Maimakon sauye-sauye masu yawa da bibop ke tilasta wa mai busa ya bi, sai ya ba makaɗansa 'yan matakalan sauti ya ce kowa ya zauna a ciki ya yi tunani. Faifan ya sayar da sama da kwafi miliyan 5 a Amurka kaɗai. Mako guda bayan fitowarsa, Miles na tsaye a ƙofar gidan kiɗa na Birdland inda yake aiki, ɗan sanda ya ce ya matsa, ya ce aiki yake a nan, aka fasa masa kai da kulki aka kuma kama shi. Baiwarsa ta biyu ita ce zaɓen mutane: John Coltrane, Bill Evans, Herbie Hancock, Wayne Shorter, Tony Williams da ya ɗauka yana ɗan shekara 17. Wajen 1970 ya jona kiɗansa da lantarki, tsofaffin masoyansa suka ce ya sayar da kai. Bai waiwaya ba har ya rasu a 1991.

Coltrane jikan limaman coci ne ta wajen uwa da uba. A 1957 Miles ya sallame shi saboda shaye-shaye, ya koma gida Philadelphia ya rufe kansa ya daina, kuma daga baya ya rubuta cewa rahamar Ubangiji ce ta farkar da shi a shekarar. Shekara goma kacal suka rage masa, ya kuwa cika su. Ya bi lissafin bibop har ƙarshensa, sannan ya juya ya riƙa zama kan sauti ɗaya ko biyu na tsawon rabin awa yana tono. Da 'yan wariya suka tayar da bam a wani coci a Birmingham ta jihar Alabama a 1963 suka kashe 'yan mata huɗu, da saksofon ya yi musu makoki. A zama ɗaya, ranar 9 ga Disamba 1964, shi da McCoy Tyner da Jimmy Garrison da Elvin Jones suka naɗi A Love Supreme, godiya ga Mahalicci daga farko har ƙarshe. Ciwon hanta ya kashe shi a 1967 yana da shekara 40. Ɗaya daga cikin wasanninsa na ƙarshe ya yi shi ne a cibiyar al'adun Afirka da abokinsa Babatunde Olatunji, makaɗin ganga ɗan Najeriya, ya buɗe a Harlem. A gefe guda Ornette Coleman ya iso New York a 1959 ya ce ginshiƙin ma a ajiye shi, kowa ya bi kunnensa. Wasu manya sun kira shi mayaudari. A 2007 aka ba shi Pulitzer.

Wani ɓangare da ba a cika faɗa ba shi ne yawan makaɗan wannan zamani da suka karɓi Musulunci, da yawansu ta hannun masu wa'azin Ahmadiyya da ke aiki a unguwannin baƙaƙe. Art Blakey, mai gangar da ƙungiyarsa ta yaye matasa kusan shekara 35, ya ɗauki sunan Abdullah Ibn Buhaina. Matar Coltrane ta farko, Naima, Musulma ce, haka McCoy Tyner. Ahmad Jamal, wanda Miles ya ce daga gare shi ya koyi darajar shiru, ya musulunta a 1950, har ya buɗe gidan kiɗa a Chicago wanda ba a sayar da giya, ko da yake bai daɗe ba. A Afirka ta Kudu, Dollar Brand ya zama Abdullah Ibrahim a 1968. Ga mutanen da aka raba kakanninsu da sunayensu, kuma sana'arsu ke kewaye da kwalba da hoda, sabon suna da tsarin rayuwa ba ƙaramin abu ba ne.

A cikinsu akwai wanda ya zauna da mu. Yusef Lateef ya tashi a Detroit, ya musulunta wajen 1950, kuma tun shekarun 1950 yake shigo da kayan busa na Gabas cikin jaz. Ya yi digirin digirgir a 1975 kan ilimin Yamma da na Musulunci. Daga 1981 zuwa 1985 ya yi aikin bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, inda ya duƙufa kan sarewar Fulani makiyaya. Shi da Ziky Kofoworola suka rubuta littafi kan kiɗa da wasannin Hausawa, wanda ya fito a 1987. Mutumin da ya yi aiki da Gillespie da Charles Mingus ya zo yana da shekara 60 da ɗoriya ya zauna gaban masu busa karan dawa a matsayin ɗalibi. Ya rasu a 2013 yana da shekara 93.

Ta Legas ma igiyar ta bi. Randy Weston da Nina Simone da Lionel Hampton sun yi wasa a can a 1961, Weston ya koma Maroko da zama daga baya. Fela Kuti ƙaho ya karanta a Landan daga 1958, kuma jaz ya fara bugawa da ya dawo, kafin ya gauraya shi da hailaif. Mai gangarsa Tony Allen daga faya-fayan Art Blakey da Max Roach ya koyi raba hannuwa da ƙafafu huɗu kowanne da aikinsa, abin da afrobit ya tsaya a kai. A 2017, yana da shekara 70 da wani abu, Allen ya fitar da faifan girmama Blakey a kamfanin Blue Note, inda Blakey ya yi manyan ayyukansa.

Yau jaz ba kiɗan kasuwa ba ne, yawancin masu yin sa daga makarantu suke fitowa, kuma Turai da Japan sun fi Amurka ciyar da da yawansu. Amma sababbin sunaye ba su yanke ba. Esperanza Spalding, mai bas kuma mawaƙiya, ta ci Grammy na sabuwar tauraruwa a 2011, Samara Joy, wadda aka haifa a 1999 kuma ake jin Sarah Vaughan a maƙogwaronta, ta ci irinta a 2023. A 2023 ɗin ce kuma Ezra Collective ta zama ƙungiyar jaz ta farko da ta ci kyautar Mercury a Ingila. Jagoranta Femi Koleoso, ɗan iyaye 'yan Najeriya da ya tashi a Landan, mai ganga ne da ya koya a wajen Tony Allen, kuma a wasanninsu rawa ake yi.